Benci a Bakin Ramin Kawu

Shekara goma sha ɗaya a jere garin yana zuwa na ɗaya. Wata jarida ce ta babban birni take fitar da sunayen garuruwa goma da suka fi wahalar zama a duk faɗin ƙasar, sau ɗaya a shekara, kuma kullum sunan garin ne a sama da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashin sunan akwai hoto. A cikin hoton kuwa akwai Mai Agogo, tsaye a bakin ramin da ke tsakiyar babban titi, yana nuna shi da sanda kamar mai nuna gonar gado.

Gyaran agogo ne sana'arsa. Shagon nasa ɗan tsugul ne, agogo talatin da 'yan kai rataye a bango, babu biyu da suka yarda da juna a kan lokaci. Tun da waya ta shiga aljihun kowa aka daina kawo masa gyara, sai garin ya zama aikinsa na gaske. Shi ya san famfon da ke tari sau uku kafin ya tofo ruwa mai kalar shayi. Shi ya san fitilar titin da ba ta kamawa sai rana ta take. Shi ya san gadar da aka gina rabi aka watsar, wadda awaki ke hawa su tsaya a ƙarshenta suna kallon ƙetare kamar sun yi alkawari da wani. Duk shekara in 'yar jaridar ta zo duba gari, shi yake zagayawa da ita, yana gaba tana biye da littafinta. Hotunan nan goma sha ɗaya suna jere cikin firam a saman teburinsa. In ka bi su da ido daga farko zuwa ƙarshe za ka ga gemunsa yana fari, ramin yana faɗi.

Ramin sunansa Kawu. Ba wanda ya tuna wanda ya raɗa masa. Direbobi in sun zo kewaye shi sukan rage gudu su leƙo ta taga su ce, "Kawu, an tashi lafiya?" Ya taɓa haɗiye keken ɗinki sukutum. Da damina yana cika har baki, da rani ma ba ya ƙafewa duka.

Ranar da jaridar ta goma sha biyu za ta fito, Mai Agogo ya riga ya sayi firam, ya goge gilashin, ya buga ƙusa a bango. Da hantsi mai sayar da jarida ya shigo, tsoho ne mai yawan surutu, amma ran nan ko sallamar kirki bai yi ba. Ya kife jaridar a kan tebur ya fice kamar wanda ya kawo saƙon rasuwa.

Mai Agogo ya maƙala tabarau ya buɗe. Na ɗaya: garin bayan dutse, inda bututun masana'anta yake. Ya sauko da yatsa. Na biyu ba su ba ne. Na uku ba su ba ne. Sai a na huɗu ya tsinci sunan garinsu da ƙananan baƙaƙe, babu hoto, babu komai. Ya koma sama ya dubi hoton da kyau. Mutumin da ke tsaye a bakin wani rami, riƙe da laima, Auta ne. Ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, mai aski.

Shekarar Auta sittin da biyu, amma har gobe Auta ake ce masa. Shekara tara ke nan da ya bar gari, kuma kan hoto suka ɓata. A shekara ta uku ya matso kusa da yayansa lokacin da ake ɗauka, ya fito a gefe yana murmushi. Mai Agogo ya sa almakashi ya yanke shi kafin ya sa a firam, sai kunne ɗaya da kafaɗa suka rage. Auta ya shigo shago ya ga kunnensa a bango, ya daɗe yana kallo. Bayan sati ya tattara asakensa ya koma bayan dutse.

Mai Agogo ya rufe shago ya tafi gida da jaridar a hammata. Ya tarar da matarsa tana shanya a tsakar gida.

"Tsohuwa, zo ki ga abin da aka yi mana."

Ta goge hannu ta duba. "To Malam, ai abin murna ne. An ce garinmu ya rage muni."

"Murna? Na huɗu fa! Tun da kike, kin taɓa jin an tambayi wa ya zo na huɗu? Na huɗu ba shi da daɗin zama, ba shi da suna. Wahalar banza ke nan." Ya buga yatsa a kan hoton. "Dubi wai rami. Wannan rami ne ko kwanon wanki? Kawu zai haɗiye shi bai nemi ruwan kora ba. Kuma dubi tsayuwa. Haka ake tsayawa a bakin rami? Ko nuna shi bai yi ba, ya wani rungume laima kamar an aiko shi."

Ta kawo jaridar kusa da ido. "Amma dai ya rame, bawan Allah."

"Don hoto ya yi ramar. Na san halinsa tun yana rarrafe."

"Kai dai ka ji kunya, da furfurarka kana kishin rami."

Bai ci abincin rana ba. Ya zauna a ƙofar ɗaki ya lalubo lambar 'yar jaridar, don ta zo bana kamar kullum, ya zagaya da ita, har ya nuna mata sabuwar tsagar da bangon asibiti ya yi. Ta ɗauka da fara'a.

"Baba, na san za ka kira."

"'Yata, me muka yi miki? Famfonmu ya daina tari ne? An ƙarasa gada ban sani ba?"

"Ko ɗaya, Baba. Amma ba ni nake zaɓa ba, takarda nake cikewa. Akwai layin da ya ce, akwai wurin hutawar jama'a ko babu. Akwai na inuwa. Akwai na ko mutane suna gaisawa a hanya. Ni kuwa bana da na zo, awa biyu na yi zaune a bakin Kawu ban so tashi ba. Ga benci, ga bishiya, ga shinge an shafa masa fenti, an share wuri fes, ga mai shayi, ga agwagi suna wanka. Me zan rubuta? In ce babu?"

Kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan Mai Agogo ya san asalinsa. A shekara ta biyar ta zo da tsohon ciki, ta rasa inda za ta zauna ta yi rubutu, shi da bakinsa ya sa Kafinta ya ƙera benci. Da sunan Kawu ya yi nisa baƙi suka fara tsayawa kallo, sai ya dasa bishiya don kada rana ta kore su kafin su gama jin tarihi. Shinge don kada baƙo ya faɗa. Shara don ramin ya fito sosai a hoto. Mai shayi ya biyo taro, agwagi suka biyo ɓarɓashin burodi. Yanzu da yamma rabin tsofaffin gari a can suke hira.

"Wato lallaɓa shi da muka yi ne ya kashe mu," in ji shi.

"Baba, garinku ya gyaru, sai haƙuri."

Ya kashe wayar ba sallama. Tunda yake ba a taɓa gaya masa magana mai zafin wannan ba.

Washegari da safe ya sa rigarsa ta hoto, ya ɗauki sanda ya shiga motar bayan dutse. Ya ce wa matarsa zai je ya ga ƙaryar da idonsa.

Tun kafin su sauka ya ga abin da bai zata ba. Babu hadari, babu yayyafi, amma duk wanda ke tafe a titi da laima a buɗe. Da ya fito daga mota ya gane dalili. Wata baƙar toka ce ke saukowa daga bututun, a hankali, ba hutu, tana sauka a kafaɗa kamar tana neman wurin kwana. Kafin ya kai bakin tasha rigarsa ta hoto ta canza kala. Kajin garin duk baƙaƙe ne, har da waɗanda aka ƙyanƙyashe farare. Ba shanya ko ɗaya a waje. Injin masana'antar yana wani gurnani da ake ji a haƙori, saboda haka ba mai wahalar da kansa da gaisuwa, kowa ya sunkuyar da kai yana sauri. Ya tsaya gaban wani juji ya duba, ya sake dubawa. Babu ƙuda ko ɗaya. Har ƙudaje sun yi ƙaura.

"Mu namu ƙiba ma suke yi," ya faɗa a ransa.

Ya buɗe wani famfo a bakin hanya don ya ji irin tarinsa. Ko numfashi bai yi ba, kan famfon ma ya biyo hannunsa. Ya tsaya riƙe da shi yana jinjina kai. Shekara goma sha ɗaya yana taƙama da famfo mai tari, ashe ga inda famfo ya riga ya rasu.

Sai ya iso ramin. Gaskiya bai kai rabin Kawu ba. Amma ruwan cikinsa baƙi ne wuluk, ba agwagwa, ba kwaɗo, ko sararin sama ba ya fitowa a cikinsa. Ba shinge, ba inuwa, ba wanda ya ko kalle shi. Ya tare wani mai wucewa, ya ɗaga murya saboda injin.

"Malam, don Allah yaya sunan ramin nan?"

Mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ja laimarsa gefe, ya ƙara sauri.

Nan Mai Agogo ya san an fi su. Rami ba suna. Muni ke nan na asali, wanda hannu bai taɓa ba. Ya ji kishi ya taso masa tun daga tafin ƙafa, irin wanda bai ji ba tun ranar da mahaifinsu ya ɗora Auta a wuya ya bar shi yana biye a ƙasa.

Shagon askin yana kallon ramin. Ya tura ƙofa ya tarar da Auta shi kaɗai yana goge madubi, yana gogewa toka na komawa. Tawul ɗin da ke kafaɗarsa da can fari ne.

"Yaya?" Auta ya saki tsumman. "Kai ne? Lafiya? Ina Yaya Babba, uwargidanka, tana nan ƙalau?"

"Tana nan. Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Na ga an sa ka a jarida."

"Au, wannan. Zauna mana."

"Ina ka rataye shi?"

"Rataye me?"

"Hoton, Auta. Hoton na ɗaya."

Auta ya nuna taga da haɓa. Gilashi ɗaya ya fashe, an cusa takarda an toshe. Mai Agogo ya matsa ya duba. Shafin farko ne, an dunƙule shi, ana hango laimar da rabin goshi.

"Ka toshe taga da shi," ya ce. "Na ɗaya a duk ƙasa, ka toshe taga da shi. Ni na sayi firam, na buga ƙusa!"

"To Yaya, toka ke shigowa. Ni fa ba nema na yi ba. Na fito zubar da gashi ne matar ta ce in tsaya, ni kaɗai ta samu a tsaye a duk titin. Ko sunana ba ta..."

Tari ya katse shi. Ya dafa kujerar aski ya yi ta yi, tari mai zurfi kamar ana jan guga a rijiyar da ta ƙafe, har hawaye suka zubo suka yi layi biyu a kan baƙin kumatunsa. Mai Agogo yana tsaye yana saurare da kunnen mai gyaran agogo. Abu na farko da ya zo masa shi ne, ko tarin nasu ya fi na famfonmu. Abu na biyu ya zo a bayansa a hankali, ya kuwa ƙi tafiya: injin da ke irin wannan ƙara ba ya kai wata shekara.

Ya zauna a kujerar jira. Ya dubi ramin ta ƙofa, ya dubi ƙaninsa, ya sake duban ramin. Can sai gefen bakinsa ya motsa.

"Ka ce kai kaɗai ta samu a tsaye?"

"Ni kaɗai."

"To tattara kayanka. Jibi zan zo da mota."

"In je ina?"

"Gida. In ta dawo baɗi ta ɗauki hoton laima."

Auta ya goge ido da tawul, ya ƙura masa ido. "Yaya, tsakaninka da Allah, kishi ne ko tausayi?"

"Kishi ne. Kada ma ka sa wa ranka wani abu."

Auta ya yi dariya har tarin ya so dawowa. "To shi ke nan. Da tausayi ne da ban bi ka ba."

Bayan kwana biyu da sassafe aka ga Mai Agogo da a-kori-kura a bakin Kawu, shi da direba suna kiciniyar ɗaga benci. Mai shayi ya fito da ludayi a hannu.

"Baba, lafiya? Ina za a kai mana benci?"

"Naku ne? Ni na sa aka yi shi, ni zan raba ku da shi. Shi ya jawo mana na huɗu. Ku sha shayinku a tsaye kamar mutanen garin wahala."

Ya haɗa da dashen bishiya guda a tsohon bokiti, da ragowar fenti, da tsintsiya. Bishiyar bakin Kawu ma ya zagaya ta sau biyu yana auna kaurinta da ido, ya ga ta fi ƙarfinsa.

A bayan dutse suka sauke bencin daidai bakin baƙin ramin. Ya share wurin da hannunsa. Ya dasa bishiyar, ya kafa mata tsohuwar laimar Auta don toka. Sannan ya tsaya a tsakiyar hanya ya tsayar da motar farko da ta zo, ya leƙa ta taga ya yi wa direban ihu a kunne.

"Ba ka gaida Gwaggo ba!"

"Wace Gwaggo?"

Ya nuna ramin da sanda, irin nunin da ya ƙware a kai. Direban ya dubi ramin, ya dubi tsohon, sai ya fashe da dariya. "Gwaggo, a yi haƙuri, ban gan ki ba!" Ya wuce yana danna hon.

Suna ɗora kujerar aski a mota sai ga wata mata da kaya a ka. Ta tsaya, ta dubi bencin kamar tana tsoron a ce na wani ne, ta sauke kayan, ta zauna a ɗan gefe. Ba a jima ba wani dattijo ya zauna a ɗaya gefen. Suka daɗe kowa na kallon gabansa. Can dattijon ya karkato ya ce wani abu, matar ta amsa.

"Ka gani?" Mai Agogo ya zunguri Auta, idonsa na ƙyalli kamar wanda ya zuba guba a rijiyar abokin gaba. "Sun gaisa. Sun shiga uku."

Da la'asar suka iso gida. Motar na shan kwanar babban titi Mai Agogo ya miƙa wuya don ya more ganin Kawu tsirara, ba wurin zama. Sai ya ga taro. Benci biyu ne sababbi, har da majingina, Kafinta na tsaye yana kaɗe garin katako daga riga.

"Me ke nan?" Ya diro tun motar ba ta gama tsayawa ba. "Wa ya sa ka?"

"Baba, tsofaffi ne suka zo suka rasa wurin zama, har wani ya zauna a kan shinge ya kusa gaisawa da Kawu ta ciki. Na ce bari in ɗan haɗa musu. Ka taɓa majinginar ka ji, ba ta cin baya."

"Ku mutanen garin nan ba za ku taɓa yin suna ba," in ji Mai Agogo. Amma gwiwoyinsa sun gaji da hanya, ya zauna. Majinginar kuwa ba ta cin baya, abin da ya ƙara ɓata masa rai ke nan.

A ƙarƙashin bishiyar Auta ya kafa kujerar askinsa. Wata uku yana tofar da baƙi, daga nan tarin ya ragu har bai kai na famfo ba. Mai Agogo ya lura da haka, ya kuma gaya masa a gaban mutane.

Da shekara ta zagayo 'yar jaridar ta zo. Ya kai ta gada, ya kai ta famfo, ya yi iya yinsa ya bi da ita ta bayan layi don kada ta ga bakin Kawu, amma ƙamshin shayi ya ja ta. Kafin ta tafi ta ɗauki hotonsu shi da Auta a kan benci, ta aiko musu kyauta. Matarsa ta sa shi a firam na goma sha biyu. Ya yarda ya rataye, sai dai ya matso da wani dogon agogo kusa, yadda duk lilon da zai yi sai ya rufe fuskar Auta ya buɗe.

Ranar da jaridar ta fito, a bakin Kawu mai sayarwa ya same su, Auta na rage masa gemu. Mai Agogo ya karɓa da kumfa a fuska. Garin bayan dutse ya faɗo na biyu.

"Alhamdu lillahi!" ya ce. "Gwaggo ta yi aiki."

"Mu fa, Yaya?"

Ya sauko da yatsa, ya yi ta saukowa. Na bakwai.

Agwagwa ɗaya ta nutsa kai cikin Kawu ta fito. Mai Agogo ya koma saman shafin. Wani gari ne can ƙarshen layin dogo, bai taɓa jin sunansa ba. A hoton wani tsoho ne siriri tsaye a bakin rami, kuma abin haushin, ya iya riƙe sanda.

Ya daɗe yana kallon mutumin, kumfa na bushewa a gemunsa.

"Auta, mota nawa ake shiga kafin a kai can?"

"Uku, in an yi sa'a. Daina motsi, Yaya, zan yanke ka."

Mai Agogo ya ture hannun ƙaninsa, ya juya wajen ɗaya bencin.

"Kafinta," ya ce, "akwai sauran katako?"